Dillalin da ke tsakanin rana da ruwa: fashin baƙi kan binciken ilektirokatalis

Duk mai mota a Kano ya taɓa jin gargaɗin nan: idan za ka bar motarka a hannun wanda ba ka yarda da shi ba, ka kula da “indomie”. Wani ɗan abu ne mai ramuka kamar saƙar zuma da ke cikin salansa, kuma duk wanda ya san harkar kayan mota a Ƙofar Ruwa ya san yana da kuɗi. Ba jikin abin ake so ba. Abin da ake bi shi ne 'yar ƙurar ƙarafa masu tsada da aka shafa masa, filatinum da faladiyum da rodiyum, waɗanda duka-duka ba su wuce 'yan giram ba. Hayaƙi mai guba yana bi ta kansu ya fito da sauƙin illa, su kuwa suna nan daram, ba su ƙone ba, ba su ƙare ba. Abin da yake hanzarta haɗuwa ko rabuwar sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba, shi masana ke kira katalis. Idan kuma aikin nasa a kan sandar da lantarki ke bi yake yin sa, sai a ce ilektirokatalis. A kan wannan 'yar ƙura dubban malamai da ɗalibai a jami'o'in duniya suke ƙarar da shekarunsu, kuma ina ganin ya kamata mu a Kano mu fahimci abin da suke nema, domin ya shafe mu fiye da yadda muke zato.

Matsalar da ta haifar da binciken mun san ta a gidajenmu. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, faranten sola suka cika rufin gidaje da shaguna. Kafin nan ma, a 2019 an buɗe tashar sola mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero, sannan a farkon 2023 aka buɗe ta megawat 10 a Kumbotso. Rana kam Allah ya hore mana. Amma da an kira magariba farantin ya tashi daga aiki, sai abin da batir ya tara. Batir yana iya riƙe gida na wasu sa'o'i. Masana'anta a Sharaɗa ko Challawa da ke son wuta dare da rana, ko wanda yake son ya adana zafin watan Afrilu ya ci moriyarsa a Agusta, batir ba zai kai shi ba sai da kuɗin da ba za su lissafu ba. Shi ya sa ake neman hanyar mayar da lantarki wani abu da za a iya ɗurawa a tulu, a ajiye, a ɗora a mota, a sayar.

Hanya mafi tsufa ita ce tsaga ruwa. Ruwa haɗin iska biyu ne, haidurojin da oksijin, kuma lantarki yana iya raba su. A shekarar 1800 wasu Turawan Ingila biyu, William Nicholson da Anthony Carlisle, suka nuna haka. Ɗan sakandare ma zai iya gwadawa: ya jiƙa kanwa a kofi, ya fere fensir biyu ta kowane ɓangare, ya haɗa su da batir ya tsoma, zai ga ƙananan kumfa suna tasowa a bakin kowanne. Ɗaya haidurojin, ɗaya oksijin. Haidurojin ɗin nan makamashi ne. Idan ya sake haɗuwa da oksijin sai ya saki ƙarfin da aka zuba masa, kuma abin da zai bari ruwa ne kawai, ba hayaƙi.

To ina gizo ke saƙar? A lissafi, ƙarfin turin lantarki da ake buƙata don raba ruwa bolt 1.23 ne. Wannan farashi ne da ba a yi masa ragi, haka aka halicci ruwa. Amma a aikace na'urorin tsaga ruwa na masana'antu suna aiki ne a wajen bolt 1.8 zuwa 2. Abin da ya hau kan 1.23 ɗin, yawancinsa zafi yake zama ya tafi a banza. Shi ya sa kilo ɗaya na haidurojin yake cin lantarki wajen kilowat-awa 50 zuwa 55, wato yunit 50 zuwa 55 na mita, alhali ƙarfin da za a iya amfana da shi a cikinsa wajen 33 ne. Kuma kuɗin lantarki shi ne kaso mafi girma a farashin irin wannan haidurojin.

Mu ɗauki misalin Dawanau. Ga manomi da buhunansa, ga ɗan kasuwa da kuɗinsa, kowa yana son ciniki, amma ba su san juna ba. Dillali ba shi da hatsi, ba shi da jari, shi dai yana haɗa su, a gama ya koma bencinsa ya jira na gaba. Bai isa ya sauya asalin darajar gero ba. Abin da ya bambanta dillali da dillali shi ne saurin ƙulla ciniki da yawan la'adar da ake kashewa a hanya. Katalis dillali ne, rarar da ta hau kan bolt 1.23 kuma la'ada ce. Binciken ilektirokatalis gaba ɗaya neman dillalin da zai ƙulla ciniki da yawa ne, da la'ada kaɗan, ya kuma shekara yana yi bai gaji ba.

Akwai wata ƙa'ida da ake dangantawa da Bafaranshen nan Paul Sabatier, wanda ya samu kyautar Nobel a 1912, kuma duk wanda ya zauna a kasuwa zai gane ta nan take. Dillalin da ba ya iya riƙe mai saye, sai ya suɓuce masa kafin a fara magana. Wanda kuma yake riƙe mutum da ƙarfi, ya hana shi tashi bayan an gama, bencinsa zai cika da mutum ɗaya har yamma, na baya ba su sami wuri ba. Haka ƙarafa suke da ƙwayar haidurojin. Zinare riƙonsa sako-sako ne, wasu kamar tangistin riƙonsu ya yi tsanani. Idan aka zana saurin aiki a kan ƙarfin riƙo, sai zanen ya fito kamar Dutsen Dala, hawa ta nan, gangara ta can, kuma filatinum yana zaune dab da ƙololuwa. Daga wajen 2004 zuwa 2005, Jens Nørskov da abokan aikinsa a Denmak suka nuna cewa ana iya lissafa wannan ƙarfin riƙo da kwamfuta tun kafin a haɗa komai a ɗakin gwaji. Wannan ya sauya fasalin fagen, domin maimakon lalube a duhu an sami abin auno.

Ɓangaren haidurojin shi ne mai sauƙi, ƙwayoyin lantarki biyu kawai ake miƙawa. Ɓangaren oksijin ne mai taurin kai. Kafin ƙwayar iskar oksijin ɗaya ta fita sai an zare ƙwayoyin lantarki huɗu, mataki bayan mataki, kuma matakan a ɗaure suke da juna: ka gyara riƙo don sauƙaƙa na farko, ka tsananta na uku. A nan mafi yawan la'adar take tafiya. A na'urorin zamani masu fatar roba a tsakiya, waɗanda cikinsu mai tsami ne ƙwarai, kusan babu abin da yake jure wa wannan ɓangare sai wani ƙarfe mai tsada, iridiyum. Shi kuwa iridiyum duk duniya tan 7 zuwa 8 ake samu a shekara, alhali zinare ya haura tan 3,000. Ba a ma haƙarsa shi kaɗai, yana biyo filatinum ne, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa, wadda ita ce ke ba da kusan kashi 70 cikin ɗari na filatinum ɗin da ake haƙowa. Ko kuɗi sun samu, ƙarfen bai isa a gina na'urorin da ake mafarki ba.

Akwai tsohuwar hanya da ba ta buƙatar waɗannan ƙarafa. Marinan Ƙofar Mata sun san ƙarfin ruwan toka, shi ne kishiyar tsami. A cikin ruwa mai irin wannan kaifi, nikel yana iya aikin, kuma an fi shekara ɗari ana amfani da na'urori irin wannan. Sai dai suna da girma, kuma ba su cika son wutar da ke hawa da sauka ba, alhali wutar sola haka take: gajimare ya gifta ta ragu, ƙurar hunturu ta sauko ta yi sanyi. Masu fatar roba sun fi iya bin wannan rawa. Shi ya sa yanzu ake ta ƙoƙarin haɗa alherin biyun, a sami fatar roba da ke aiki a yanayin ruwan toka, don a yi amfani da ƙarafa masu araha.

Wasu masu binciken sun ce tunda ba a rabu da filatinum ba, a rage shi. Ƙwayoyin da ke saman ƙarfe ne kawai suke ganin ruwa, na ciki zaman banza suke. Sai ake niƙa shi ya zama ƙura wadda ido ba ya gani, a baza a kan gawayi na musamman. An bi wannan tunani har ƙarshensa: a 2011 ƙungiyar Tao Zhang a Daliyan ta ƙasar Sin ta ba da rahoton katalis da aka baza filatinum a kansa ƙwaya ɗai-ɗai. Wasu kuma suka ce a nemo magaji. A Denmak aka gano cewa molibdinum salfaid, wanda yake cikin baƙin giris ɗin da makanikai ke shafa wa mota, yana iya fitar da haidurojin, kuma a 2007 aka tabbatar cewa gefen ɓawonsa ne ke aikin, shimfiɗar tsakiya ba ta taɓuka komai. A 2008 Matthew Kanan da Daniel Nocera a jami'ar MIT ta Amurka suka nuna haɗin kobalt da fosfet yana fitar da oksijin a ruwan da ba tsami ba kaifi. Abin da yake ƙarfafa wa kowa gwiwa shi ne ganyen bishiya. Kowane ganyen darbejiya a bakin titi yana tsaga ruwa kullum da hasken rana, kuma dillalinsa ƙwayoyin manganis huɗu ne da kalsiyam ɗaya. Babu filatinum a ciki.

Labarin da na fi so a fagen nan shi ne na nikel da baƙin ƙarfe. An daɗe ana yabon nikel a kan iya fitar da oksijin, ana rubuta takardu. A 1987 Dennis Corrigan ya lura cewa ɗan gurɓacin baƙin ƙarfe yana ƙara masa ƙarfi sosai, amma maganar ba ta yi nisa ba. Sai a 2014 ƙungiyar Shannon Boettcher a Jami'ar Oregon ta tace ruwan gwajinta tsaf, ta cire duk wani ɓurɓushin baƙin ƙarfe, sai ga nikel ya zama rago. Ashe shekara da shekaru ƙazantar da ke cikin ruwan ce take yin aikin da ake yaba wa nikel. Yau haɗin nikel da baƙin ƙarfe yana cikin mafi kyawun abin da ake da shi a yanayin ruwan toka, kuma duka biyun ƙarafa ne masu araha. Wannan ci gaba bai zo daga wata na'ura mai tsadar gaske ba. Tsafta ce da kula da kuma ƙin yarda da sakamako mai daɗi kafin a tantance shi.

Wannan ya kawo ni kan abin da nake so mai karatu ya riƙe idan ya ga labarin cewa wata jami'a ta gano abin da ya fi filatinum. A ɗakin gwaji, ɗalibi yana dama garin katalis ɗinsa kamar tawada, ya ɗiga a kan sanda mai faɗin da bai kai farcen yatsa ba, ya tsoma a kofi, ya haɗa da na'urar da ke sarrafa turin lantarki tana auna abin da ke gudana. Ma'aunin da aka saba kwatantawa da shi na yawan lantarkin da ke gudana ne, miliamfiya 10 a kowace murabba'in santimita ta sandar. Na'urar masana'anta tana aiki da ninkin wannan sau gommai, masu fatar roba ma sau ɗari zuwa ɗari biyu, a cikin zafi, kuma ana so ta yi sa'o'i 60,000 ko fiye, wajen shekara bakwai ke nan ba tsayawa. Takardu da yawa gwajin juriyarsu na sa'o'i goma ne ko ashirin. Katalis yana narkewa, ƙurarsa tana dunƙulewa, kumfa tana ɓamɓare shi daga sanda, datti yana toshe masa baki. Don haka tambaya biyu ce: a wane ƙarfi aka gwada, kuma awa nawa ya yi?

Komawa daga haidurojin zuwa lantarki ma sai da dillali. Na'urar da ke wannan aiki, fiyul sel, William Grove ne ya fara nuna ta a 1839, ita ta ba kumbunan Apollo da Amurka ta aika duniyar wata wuta, kuma ita ce a cikin motar Toyota Mirai da ta fito a 2014. A nan ma oksijin ne ke jan ƙafa, kuma filatinum ne ke lallashinsa. Masu neman magaji sun kwaikwayi jinin jikinmu, inda ƙwayar baƙin ƙarfe ke zaune tsakanin ƙwayoyin naitirojin huɗu tana kama oksijin. Suna gasa haɗin baƙin ƙarfe da naitirojin da gawayi don samun irin wannan zama. Yana aiki, amma yana saurin gajiya. Irin wannan katalis ɗin ake nema wa batirin zinki da iska, wanda ƙananansa suke cikin na'urar taimaka wa ji, ake kuma so a yi manya masu karɓar caji.

A nan dole a faɗi gaskiya. Idan ka mayar da lantarki haidurojin, ka sake mayar da shi lantarki, abin da zai dawo hannunka wajen kashi ɗaya cikin uku ne. Batirin litiyum yana dawo da kusan kashi 90 cikin ɗari. Saboda haka mai gida a Hotoro ko Rijiyar Zaki da yake son fanka da firji su kwana suna aiki, batir ne nasa, kuma duk wanda ya ce masa haidurojin zai maye gurbin inbatarsa nan kusa bai yi masa adalci ba.

Inda maganar ta shafe mu kai tsaye shi ne taki. Yuriyar da manomin shinkafa a Kura ko mai tumatir a Kadawa yake saye, daga amoniya ake yin ta, amoniya kuma haɗin naitirojin na iska ne da haidurojin, ta hanyar da Fritz Haber ya nuna a 1909, Carl Bosch ya mayar masana'anta a 1913, da katalis na baƙin ƙarfe. Duniya tana amfani da haidurojin sama da tan miliyan 90 a shekara, yawanci a matatun mai da masana'antun taki, kuma kusan dukkansa daga iskar gas da kwal ake samo shi. Wanda aka samar ta hanya mai tsafta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kowane kilo daga gas yana sakin hayaƙin kabon wajen kilo 9 zuwa 10. Masana'antun takinmu manya, ta Dangote a Lekki da ta Indorama a Eleme, suna Kudu ne inda gas yake, buhun kuma sai ya hau tirela ya keto ƙasar nan kafin ya iso gona. Idan tsaga ruwa ya yi araha, abin da ake buƙata don yin amoniya rana ce da ruwa da iska. Kuma ba tatsuniya ba ce a nahiyarmu: masana'antar KIMA a Aswan ta Masar ta fara yin taki da haidurojin na lantarki tun 1960, ta Sable a Zimbabuwe ma ta yi haka daga shekarun 1970 har 2015. Arahar gas da tsadar wuta ne suka kayar da wannan hanya. Saudiyya ma ta fara gina irin wannan masana'anta a sabon yankinta na NEOM da niyyar samar da tan 600 na haidurojin a kullum daga rana da iska.

Wasu sun so su tsallake Haber da Bosch ɗungurungum, su haɗa amoniya kai tsaye a kan sandar lantarki. An yi ta shelar nasara, har a 2019 gamayyar masu bincike daga Denmak da Amurka da Ingila suka fitar da tsarin tantancewa mai tsauri, aka ga yawancin amoniyar da ake aunawa gurɓaci ce daga iska da kayan aiki. Hanyar da ake amfani da ƙarfen litiyum a matsayin dillali ce ta tsallake tantancewar. Ana kuma bin sawun abin da Yoshio Hori ya gano a Japan a tsakiyar shekarun 1980, cewa jan ƙarfe yana iya mayar da hayaƙin kabon ya zama gas ɗin da ake ƙonawa ko ake yin roba da shi. Waɗannan biyun har yanzu suna ɗakin gwaji.

Akwai maganar ruwa, wadda a Kano ba a wasa da ita. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin lita 9, kuma sai tataccen ruwa wanda ya fi na sha tsafta, tacewar ma tana zubar da wani. Jarka ɗaya ta mai garuwa mai lita 25 ba za ta ba da kilo uku ba. Idan aka kwatanta da abin da noman rani ke sha daga Tiga, wannan kaɗan ne. Amma a garin da unguwanni da yawa suka dogara da kura da rijiyar burtsatse, duk mai kawo irin wannan aiki sai ya fara faɗin inda zai ɗebi ruwansa. Katalis da zai jure ruwan da ba a tace sosai ba, a wurinmu ya fi wanda ya rage la'ada da ɗan kaɗan.

Ina ganin a nan ne jami'o'inmu suke da wurin tsayawa. Akwai sashen kimiyyar sinadarai a Bayero da jami'ar Wudil, akwai cibiyar binciken makamashi a Sakkwato da ta Zariya, akwai tallafin bincike na TETFund, asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu. Na'urar auna katalis ba ta kai tsadar manyan madubban da ke ganin ƙwayar zarra ba, sashe ɗaya zai iya mallakar ta. Ɓuntun shinkafa da ke tsibi a bayan injinan casa da ɓawon gyaɗa ana iya gasa su su zama gawayi mai ƙofofi da ake ɗora katalis a kai. Nikel da baƙin ƙarfe ba su gagari aljihu ba. Ba lallai mu yi tsere da Sin ko Amurka wajen gano sabon sinadari ba. Abin da ba su da shi muna da shi: zafin da ke haura digiri 40 a Afrilu, ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina, ruwan rijiyarmu da gishirinsa, da wutar sola mai hawa da sauka. Sakamakon gwaji na gaskiya a wannan yanayi abu ne da duk mai son sayar da na'ura a yankin Sahel zai nema. Haka ma tsohon indomie da ake tarawa a fitar waje a tace. Koyon zare filatinum daga cikinsa aikin digiri ne mai amfani.

Abin da ke yi wa irin wannan aiki tarnaƙi ƙanana ne a ido. Sinadarai masu tsafta daga waje ake sayo su da dala. Samfuri sau da yawa sai an aika wani gari ko wata ƙasa kafin a ga fasalinsa, a jira makonni. Gwajin juriya na sa'o'i 1,000 kuwa kwana 42 ne a jere, kuma idan wuta ta ɗauke a kwana na 30 sai a koma farko. Ɗakin gwajin da zai yi wannan yana buƙatar layin wutarsa na kansa da batir mai tsaya masa, da injin tace ruwa da ake sauya wa mataci a kan lokaci, da ma'aikacin fasaha da zai leƙa na'urar ranar Asabar da Lahadi ya rubuta abin da ya gani.